Takalmin Direba

Idan ka shigo layin daga bakin titi, shago na uku a hannun dama shi ne na Goggo Tela. Ba sai ka yi tambaya ba, ƙarar keken ɗinki za ta kai ka, in kuwa keken ya yi shiru muryarta za ta kai ka. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, kullum da tef ɗin awo a wuya, har gidan rasuwa ta taɓa zuwa da shi ba ta sani ba. Shekara ashirin da shida tana ɗinki a wannan shago, ƙofarsa kuma tana kallon filin unguwa.

Filin ba wani abin kallo ba ne. Yashi ne da gajeriyar katanga, sai famfo a gefe da wata tsohuwar bishiya can ƙarshe. Amma sau ɗaya a shekara ana bikin unguwa a cikinsa, tun zamanin waɗanda suka fara yin gidaje a wurin, kuma ranar filin yana da dokokinsa. Kowa fari zai sa, fari zalla ba ado, don kada a gane mai hali da marar hali. Kowa kuma zai tuɓe takalmi a bakin ƙofa, saboda a ƙasa ake shimfiɗa tabarmi a ci abinci. Goggo ta tashi ta tarar ana haka, kuma babu wanda ya kai ta riƙe abin da gaske. Ita ke ɗinka rabin fararen kayan unguwar. Wata guda kafin biki ba ka ganin ta sai ta bayan tulin yadi. Ita ce kuma shugabar mata, mai raba tsintsiya, mai tsaya wa tukwane. In ta hango mace da ɗankwali mai launi tun daga nesa take ɗaga hannu.

Mijinta Direba ne, shekara talatin yana jan bas. Mutum ne mai sanyi, mai yawan dariya, irin wanda in ka taka shi shi zai ba ka haƙuri. Mutane kan ce Allah ya haɗa su ne don gidan ya zauna, domin da su biyun irin Goggo ne da tuni rufin ya tashi. Ciwon suga ya kama shi yana da shekara hamsin da ɗoriya. Wani ɗan miki ya fito masa a yatsa ya ƙi warkewa, ana wasa ana wasa har aka yanke ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Aka yi masa ƙafar roba, ya koyi tafiya da sanda. Ranar da za a sallame su likita ya zaunar da su biyun, ya riƙe ƙafar dama da hannunsa.

"Wannan ita ta rage maka," in ji shi. "Ba ta jin zafi, ba ta jin ƙaya. Ko banɗaki za ka shiga, da takalmi. Mama, ke nake gaya wa, don shi na ga alama zai manta."

Takalmin da aka ba shi baƙi ne, mai faɗin baki, mai kaurin ƙasa. Direba da kansa ya raɗa masa suna tirela.

Da biki ya matso, Goggo ta tafi wurin yayanta. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, shi ne babba ita ce auta. Tsohon malamin makaranta ne, kuma shi ne sakataren kwamitin unguwa, shi ke tsayawa a ƙofar fili ranar biki. Ta same shi a ƙofar gida yana karanta jarida.

"Yaya, ka san halin da Maigida yake ciki. Likita ya hana shi cire takalmi. Na ce in gaya maka tun da wuri."

Bai ɗago sosai ba. "To, Auta. Za a duba."

Ita ta ɗauka magana ta ƙare. Har yau in ta tuna wannan "za a duba" sai ta yi tsaki.

Ranar biki tun da safe ta fita wurin girki. Ta bar wa Direba farar riga da wando da ta ɗinka masa sababbi, ta buɗa ƙafar wandon yadda za ta rufe robar. Shekara biyu rabonsa da shiga mutane, ya ƙosa ya ga abokansa. Wajen tsakar rana ya fito, yana dogara sanda a hankali. Abin da ya faru a ƙofar Goggo ba ta gani ba, mai shayin da teburinsa ke wurin ne ya ba ta labari daga baya. Ya ce Yaya ya ga surukinsa ya yi kamar zai matsa masa ya wuce, sai ga Ciyaman, shugaban kwamiti, ya iso da baƙinsa.

"A'a, Direba! Sannu da jiki. Amma ka san dokar wurin nan ta girme mu duka."

Direba ya yi dariya ya ce likita ne ya hana.

"Likita ba ɗan unguwar nan ba ne. In aka bar ka, gobe kowa ya zo da takardar asibiti. Ko ba haka ba, Sakatare?"

Yaya ya dubi ƙasa ya ce, "Haka ne. Ka daure, ɗan taku nawa ne zuwa gindin bishiya?"

Mutane sun taru a baya suna jiran shiga, kowa da takalminsa a hannu. Direba ba ya son a ce don shi aka tsaya. Ya zauna a bencin mai shayi, ya kwance igiyar takalmin, ya cire na ƙafar roba ya cire na mai rai. Ya ratsa filin daga ƙofa har bishiya, a kan yashin da rana ta gasa tun safe.

Sai da aka fara kwashe kwanuka Goggo ta samu ta leƙo ɓangaren maza. Ta hango shi cikin tsofaffi yana ba da labari ana ta dariya, ranta ya yi fari. Sannan idonta ya sauka a kan tabarma. Ta ga ƙafar a tuɓe, ta ga bakin farin wandon ya yi ja. Ludayin da ke hannunta ya faɗi.

"Ina takalminka?"

"Yana wurin mai shayi. Tela, kada ki tayar da hankalinki, ba na jin komai."

"Na san ba ka jin komai! Ai abin da likita ya faɗa ke nan!"

Ta durƙusa a gaban maza ta ɗaga ƙafar. Tafin ya tashi ya yi ruwa kamar an zuba masa tafasasshen mai, ga wata 'yar guntuwar waya ta shige ƙarƙashin yatsa. Ta san inda wayar ta fito. Wata shida Ciyaman yana jibge rodi da bulo a kusurwar filin yana ginin bene, sai ana jibi biki aka kwashe. Ita da mata sun share wurin har sau biyu, amma yashi ya ɓoye abin da ya ɓoye.

Wata biyu da rabi suka yi a asibiti. Goggo ta rufe shago, ta koma kwana a tabarma gefen gado. Mikin ya ci yatsu biyu, aka cire su. Likitan nan bai yi mata faɗa ba, kallonta kawai ya yi, ita kuwa da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Da aka sallame su, Direba ba ya iya tsayuwa ya daɗe, sai a keken guragu.

Yaya ya zo dubiya sau uku. Duk zuwan da zai yi Goggo takan ɗauki bokiti ta fita. Direba kuwa sai ya tare shi da fara'a, har yana tambayarsa labarin ƙwallo. Wannan ya fi komai ƙona mata rai.

"Mutumin da ya sa aka yanke maka yatsu kake wa dariya?"

"Ba shi ya cire min ba, Tela. Ni na cire da hannuna."

"To kai ma ina da magana da kai, jira nake ka warke. Shekara talatin kana ba kowa hanya a titi, ka zo ka ba da ƙafarka don kada layi ya tsaya!"

Da ta ga idonsa ya kawo ruwa sai ta juya ta hau ninke kayan da ta riga ta ninke.

Kwamiti kan zauna Asabar ɗin farkon wata a wani aji na makarantar unguwa. Ba a gayyatar mata sai in biki ya zo. Goggo ta shiga ba sallama mai tsawo, ta tarar da manyan mutane sun matsu a kujerun yara, gwiwoyinsu na dukan tebur. Ta ajiye wata leda a gaban Ciyaman. Farin wandon ne, ba ta wanke shi ba.

"Yallaɓai, ga dokarku na kawo muku."

Ciyaman ya gyara zama. "Goggo, duk mun yi baƙin ciki. Amma a yi adalci, ba wanda ya cire masa takalmi da ƙarfi."

"Ba ku cire da ƙarfi ba, kun dai tsayar da shi a gaban jama'a kamar ɓarawo. Ina da tambaya. Motocin baƙinka uku da aka shigo da su har cikin fili aka ajiye a inuwa, su ma sun tuɓe tayoyinsu a ƙofa?"

Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya.

"Wannan daban ne, baƙi ne."

"To farar rigar matarka fa? An ce fari zalla ba ado. Duwatsu nawa ne a wuyanta? Kada ka ce ba ka sani ba, ni na jera su da hannuna, kwana huɗu ina yi har idona ya yi ja. Kai kanka aikin da ke gaban rigarka, don zaren fari ne sai ya zama ba ado ba? Wata shida rodinka na kwance a filin jama'a, yara ba wurin wasa, mata ba wurin shanya, wa ya ce maka doka ta girme ka? Doka ba ta da ido sai da ta ga gurgu?"

"Auta," in ji Yaya a hankali, "ki yi magana da ladabi."

Ta juyo kansa. "Kai kada ka ce min Auta a nan. Na zo har gida na gaya maka. Ka ce za a duba. Ka duba? Ranar da Baba ya kwanta ciwo, wa ya yi ta jigilarsa asibiti wata takwas a motarsa, ko sau ɗaya bai ce ya gaji ba? Surukin nan naka ne. Shi ka kalla ka ce masa ɗan taku nawa ne. To na ƙirga maka, Yaya, na je na taka da ƙafata. Taku tamanin da huɗu ne."

Yaya ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Ciyaman ya ce za a kafa ƙaramin kwamiti ya duba batun marasa lafiya. Da Goggo ta ji kalmar duba sai ta ɗauki ledarta ta fita, ta buga ƙofar har allo ya girgiza.

A hanyar gida ne wani abu ya faɗo mata wanda ba ta so tunawa ba. Shekarun baya, matar mai gyaran rediyo, sabuwar zuwa unguwar, ta zo biki da farar riga amma ɗankwalinta shuɗi, ga jariri a baya. Goggo ta mayar da ita daga ƙofa a gaban mata, har tana cewa in ba ta san doka ba ta tambaya. Matar ba ta sake zuwa biki ba. Goggo ta tsaya a bakin famfo, fushinta ya rasa inda zai sauka. Washegari ta yanki farin yadi mai kyau na ɗankwali ta yi masa baki, ta kai gidan da kanta. Matar ta karɓa ta yi godiya sama-sama, ba ta ce ta shigo ba. Goggo ba ta ga laifinta ba.

Ƙaramin kwamitin bai taɓa zama ba. Da biki ya sake zagayowa aka manna takarda a ƙofar fili, dokokin nan dai yadda suke, da sa hannun Sakatare a ƙasa. Mutane suka zuba ido su ga ko Goggo za ta ƙi ɗinki. Ba ta ƙi ba, amma duk wadda ta kawo fari ta ce a sa mata dutse ko leshi, sai ta miƙa mata yadinta.

"Fari zalla aka ce. In ado kike so, ga teloli can bakin titi."

Matar Ciyaman ta kwashe kayanta ta bar ta, wasu mata biyar suka bi ta. Goggo ko a jikinta.

Ranar biki ba ta je wurin tukwane ba. Ta yi wa Direba wanka, ta sa masa fararen kaya, ta durƙusa ta ɗaure masa tirelarsa da kyau.

"Tela, mu zauna a gida mana. Me za mu je yi?"

"Filin na ubansu ne? Kai ma da hannunka aka yi katangar nan."

"Za a yi ta kallonmu."

"Su kalla. Bara ma sun kalla, ba wanda ya buɗe baki."

Ta sa farar rigarta, ta zura takalminta na roba mai rufi, ta turo keken. Tun daga bakin shago mutane suka fara darewa. Yaya na tsaye a ƙofa, Ciyaman na gefensa. Ta tsayar da keken daf da ƙafar yayanta.

"Ga mu. Shi da takalmi, ni da takalmi. Ba zan tura keke a yashi mai zafi ƙafa tuɓe ba. In za ka mayar da mu, ka faɗa da ƙarfi kowa ya ji."

Ciyaman ya ce, "Sakatare, yi aikinka."

Yaya ya dubi ƙanwarsa, ya dubi surukinsa da ya sunkuyar da kai. Sai ya ajiye littafin da ke hannunsa a bencin mai shayi, ya zagayo ya kama hannun keken.

"Saki, Auta. Yashin nan ba za ki iya ba."

"Zan iya."

"Na sani. Saki dai."

Ba ta saki ba, shi ma bai saki ba. Haka suka ratsa filin su biyu, kowa riƙe da hannu ɗaya, keken na karkacewa, Direba na cewa su yi a hankali kada su kifar da shi su ƙarasa abin da ya rage. Ciyaman ya yi ta magana a bayansu, ba wanda ya juya. Wata tsohuwa mai ciwon gwiwa da ta riga ta cire silifas ta tsaya ta dube su, ta mayar da abinta ƙafa ta bi bayansu.

Ba a yi wa Goggo tafi ba. Wasu ma sun ce ta zubar da mutuncin biki, har da matan da suka yi shekaru suna shara tare. Sati biyu bayan haka aka aiko mata da takarda cewa an sauke ta daga shugabancin mata saboda rashin ɗa'a. Ba da sa hannun Yaya ba, don shi ma ya ajiye muƙaminsa. Ta karanta takardar, ta yanka ta da almakashi ta yi gwajin wuyan riga da ita.

Dokar tana nan manne a ƙofa har yanzu, ba a goge ko harafi ba. Sai dai tsofaffi da marasa lafiya suna shiga da takalmansu, sabon sakataren kuma yakan sami abin kallo a wani gefen. Wannan ma bai yi wa Goggo daɗi ba. Ta ce munafunci ne, in an yarda a rubuta, in ba a yarda ba a fito a faɗa. Duk wata sai ta aika wa kwamiti wasiƙa a kan haka, da rubutunta manya-manya, ba su taɓa ba ta amsa ba.

Direba yana zama a ƙofar shago yanzu, yana cire mata zaren ɗinki da ya wuce wuri, yana hira da masu wucewa. Yaya yakan zo da yamma ya zauna kusa da shi. Goggo ta yi kusan shekara ba ta ce masa komai ba bayan gaisuwa. Wata rana ya zo da riga a leda, aljihunta ya yage, ya tsaya a bakin ƙofa yana juya ledar kamar ɗalibin da ya makara.

"Miƙo," in ji ta, ba ta ɗago ba.

Ta duba yagewar, ta sa a keke. Tana ɗinki tana magana.

"Kada ka ɗauka na huce. Ban huce ba. Ranar da za ka tafi wurin Ciyaman ka ce a rubuta abin nan a takarda, ranar za mu fara magana."

"Ai na bar kwamiti, Auta."

"Bakinka ma ka bar shi a can? Asabar mai zuwa suna zama. Zan rufe shago, tare za mu."

Yaya ya dubi Direba yana neman ceto. Direba ya ɗaga hannu biyu.

"Ni dai ba ruwana. In ka ga za ka iya da ita, bismillah."

Goggo ta cije zaren, ta wurga wa yayanta rigarsa, ta jawo ɗinki na gaba.